Ƴan cin rani masu fiffike: tarihin zoben ƙafar tsuntsu da rabonmu a cikinsa

Shekarun baya, ina koyarwa a wani kwaleji na gundumar Birnin Ƙonni, wata ɗaliba ta tsaya bayan an tashi daga darasin Faransanci, ta kwance bakin mayafinta ta miƙo mini wani ɗan ƙarfe mara nauyi. Ta ce: «Mushe, kakata ce ta ce a karanta mata abin da aka rubuta.» Zobe ne na alminiyon, bai kai faɗin farce ba, an buga masa kalmomi biyu, Muséum Paris, sannan jerin lambobi. Kakanta ne, Allah Ya jiƙansa, ya cire shi daga ƙafar wata agwagwar ruwa da ta faɗa tarunsa. Ita kuwa tsohuwar sai ta haɗa shi da layu ta riƙa rataya wa jikokinta ɗaya bayan ɗaya, don a ganinta rubutun da ya sauko daga sama ba ya rasa asiri.

Na tambayi shekarar da aka kama agwagwar, ba wanda ya riƙe. Na tambayi wurin, wani ya ce Mozage, wani ya ce Kalmalo ne, can ƙetaren iyaka. Lambobi biyu kuma gumin yara ya riga ya shafe su. Ke nan wasiƙa ce aka aiko daga nesa, ta iso hannunmu lafiya, ta tsufa a wuyan yara ba a karanta ta ba, ba a kuma mayar da amsa ba. Tun daga ranar nake bin diddigin wannan al'amari, na kuwa tarar da cewa tarihin ƙaurar tsuntsaye tsakanin Turai da Afirka, wanda aka shekara fiye da ɗari ana rubutawa da irin wannan zobe, rabinsa a ƙasarmu yake aukuwa, amma da wuya ka ga hannunmu a cikin rubutun.

Abin da shamuwa ta koya wa kakanninmu

Bahaushe bai jira littafin kowa ba kafin ya san cewa tsuntsu na tafiya yana dawowa. Manomin Adar ko na kwarin Maggiya, in zafin bazara ya tsananta, yakan ɗaga kai ya duba tsamiya ko gawon tsakiyar gari. Ranar da ya ga shamuwa ta sauka tana gyara tsohuwar sheƙarta, to ya san lokacin fid da iri da gyaran kwashe da hauya ya yi. Tana ƙyanƙyasa da damina, ta yi kiwon ƴaƴanta da fara da kwaɗi, in kaka ta yi ta tattara su ta ɓace. Ba a jifanta, ba a cin namanta, kuma gidan da ta zaɓa ana yi masa kallon mai sa'a. Wannan ilimi ne cikakke a kan lokaci: an san ranar zuwa, an san ta tafiya, an san abin da zuwan ke nufi ga gona. Abu ɗaya ne ya ɓuya, wato inda take zuwa.

Akwai kuma wasu baƙin da ke yin akasin shamuwa. Su sai ruwa ya ɗauke suke isowa, daga watan Satumba zuwa Nuwamba, su yi sanyin hunturu tare da mu, su tashi cikin Maris da Afrilu. A cikinsu akwai agwagin ruwa masu sauka garke-garke a tafkuna, da farar shamuwa mai jan baki da jan ƙafa, da tsattsewa, da ɗan tsuntsun nan mai rawayan ciki da ke bin sawun shanu yana kaɗa wutsiya, da tarin ƙananan tsuntsayen ƙaya da yawancinmu ba mu ba su suna ba. Mu mutanen jahar Tawa ba sai an yi mana dogon bayani ba, domin ba gidan da ba shi da ɗan cin rani a Abijan ko Legas ko Libiya. Waɗannan tsuntsaye ƴan cin rani ne, sai dai su ƙasarmu ce wurin neman abincinsu, gidan haihuwarsu kuma yana bayan hamada da teku.

Mashin da ya ƙetare hamada

Mutanen Turai su ma rabin labarin kawai suka sani, rabin da ya kuɓuce mana. Suna ganin tsuntsayen na sheƙa a rufin ɗakunansu da bazararsu, in sanyi ya doso su ɓace. Masanin Girka Aristote, fiye da shekara 2,300 da suka wuce, ya ɗauka cewa tsattsewa na ɓuya cikin ramuka ta yi barcin hunturu, wasu tsuntsayen kuma rikiɗa suke yi su zama wani iri. Har cikin ƙarni na 18 akwai manyan malamai da suka yarda cewa tsattsewa na nutsewa cikin taɓon tafki sai bazara ta fito.

A watan Mayu na 1822, kusa da garin Klütz a arewacin Jamus, aka harbo wata farar shamuwa. Da aka ɗauko ta sai ga mashi mai tsawon santimita 80 ya ratsa wuyanta, kuma icensa da ƙirarsa na Afirka ne. Wani maharbi da ba za a taɓa sanin sunansa ba ya jefe ta a wannan nahiya tamu, ba ta mutu ba, ta tashi da mashin ta yi dubban kilomitoci. Har yau tana nan an cusa fatarta an ajiye a jami'ar Rostock, da mashin a wuya. Kowa ya lura zai ga cewa hujja mafi ƙarfi da Turai ta samu a wancan zamani a kan ƙaurar tsuntsaye, hannun ɗan Afirka ne ya aika da ita, ba da saninsa ba. Shekara ɗaya bayan haka, a 1823, wani masani na birnin Berlin, Lichtenstein, ya shigar da shamuwarmu cikin littattafan kimiyya, ya laƙaba mata sunan Abdim Bey, wani gwamnan Turkawa na Dongola a bakin kogin Nilu. Shi ya sa Faransawa ke ce mata cigogne d'Abdim: tsuntsuwar da kowane yaron Dogarawa ya sani tana yawo cikin littattafan duniya da sunan mutumin da bai taɓa taka ƙasar Hausa ba.

A Dongolar nan dai aka yi wani abu da ya yi kama da na zoben ɗalibata. A ƙarshen 1892, zamanin da Halifa Abdullahi, magajin Mahdi, ke mulkin Sudan, aka kashe wani tsuntsu dangin gauraka, aka ga ɗan kurtun tagulla a wuyansa da takarda a ciki, an yi rubutu da harsunan Turai. Aka kai wa Halifa a Omdurman ana zaton saƙon maƙiya ne. Ya sa aka kira wani fursunansa ɗan ƙasar Ostiriya, Rudolf Slatin, ya karanta. Ashe wani mai gandu ne, Falz-Fein, a Askania-Nova da ke ƙasar Ukraniya ta yau, ya saki tsuntsun a watan Satumba na shekarar, yana roƙon duk wanda ya same shi ya sanar da shi wurin. Slatin ya ba da labarin a littafinsa bayan ya tsere a 1895, ya ce Halifa ya ɗauki abin aikin banza na marasa abin yi. Tun farkon tarihin ke nan zargi da rashin fahimta suke tare da tsuntsu mai ɗauke da rubutu.

Shekarar 1899

Wanda ya mayar da wannan wasa ya zama hanyar bincike malamin makaranta ne kamata. Sunansa Hans Christian Mortensen, yana koyarwa a garin Viborg na ƙasar Danmak. A 1899 ya fara yanka ƴan zobba na alminiyon, yana buga wa kowane lamba tasa ta daban da adireshi, yana saka su a ƙafar wasu baƙaƙen tsuntsaye masu sheƙi da Faransawa ke kira étourneau, daga baya ya koma ga farar shamuwa da agwagin ruwa. Hikimar tana cikin lambar. Da ita tsuntsu ya tashi daga zama ɗaya cikin garke, ya zama wane, mai ranar haihuwa da garin asali a rubuce cikin kundi. In aka same shi a wani wuri aka aiko da lambar da rana da sunan wurin, an sami maki biyu a taswira, sai a ja layi a tsakaninsu.

Ga mutumin Ƙonni, 1899 ba shekarar tsuntsaye ba ce. A watan Mayu na shekarar ne rundunar Voulet da Chanoine ta auka wa Birnin Ƙonni, ta ƙone shi, ta kashe jama'a masu ɗimbin yawa. Ban kawo wannan don in ɗora wa malamin Viborg laifin da ba nasa ba. Na kawo shi ne don mai karatu ya gane yanayin da wannan ilimi ya iso mana a ciki. Adireshin da ke kan zobe na Paris ne ko London ko wata tashar Jamus, harshen na mai mulki ne, kuma talakan da ya tsinci ƙarfe mai rubutun Nasara yana da dalilin ɓoye shi maimakon ya kai wa kwamandan. Ko ya kai, amsar ofis take komawa, ba ta isa bukkar mai taru.

A Turai kuwa abin ya bazu da sauri. An buɗe tashar binciken tsuntsaye ta Rossitten a gabar tekun Baltik a 1901, ta fara saka zobe a 1903. Ingila ta bi sahu a 1909. A watan Disamba na 1912 aka kama wata tsattsewa a Natal, can Afirka ta Kudu, da zoben da aka saka mata a Staffordshire ta Ingila a 1911. Daga ranar maganar barci cikin taɓo ta mutu murus. A Faransa gidan tarihin halittu na Paris ne ke riƙe da kundin, shi ya sa zobbansu ke ɗauke da sunansa. Kuma da yake masu bincikensu sun yi aiki da irin waɗannan zobba a Senegal da Mali, agwagwar kakan ɗalibata tana iya zama a Turai aka kama ta, tana iya zama a bakin kogin Kwara ne. A 1963 ƙasashen Turai suka haɗa cibiyoyinsu cikin ƙungiya ɗaya, EURING, don kada lambar da aka tsinta a wata ƙasa ta ɓace a hanya.

Daga Kano zuwa tafkin Cadi

A ƙasar Hausa bindiga ce ta riga zobe zuwa. A 1919 da 1920 wani ɗan Skotland, Angus Buchanan, ya taso daga Kano ya ratsa Damagaram har duwatsun Ayar, yana harbin tsuntsaye yana feɗe fatunsu don gidan tarihin Rothschild da ke Tring a Ingila. Fata tana faɗin irin tsuntsu da wurin da ya mutu, amma ba ta faɗin inda ya fito.

Saka zobe da gaske a yankinmu a Nijeriya ya kankama. A shekarun 1960 wani Bature mazaunin Kano, Robert Sharland, shi ke tattara aikin a ƙasar. An kama dubban tsuntsayen nan masu bin shanu a wuraren kwanansu, aka saka musu zobe, daga baya aka sami wasunsu a ƙasashen Turai. A 1964 aka kafa ƙungiyar masana tsuntsaye ta Nijeriya, wadda ta faɗaɗa ta zama ta Afirka ta Yamma, ta fara buga mujallar Malimbus da Ingilishi da Faransanci a 1979. A cikin wannan mujalla ce aka buga, a 1988, babban jerin tsuntsayen Nijar na Giraudoux da abokan aikinsa. A 1967 kuma Hilary Fry, malami a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da wasu masana biyu, John Ash da James Ferguson-Lees, suka kafa taruna a Malamfatori, bakin tafkin Cadi, suna auna nauyin ƙananan tsuntsaye gab da tashinsu. Abin da ma'auni ya nuna abin mamaki ne: ɗan tsuntsun da nauyinsa bai wuce giram goma sha wani abu ba yakan ci ƙwari da ƴaƴan itace har ya kusa ninka nauyinsa da kitse cikin ƴan makonni. Kitsen shi ne guzurinsa, da shi zai ƙetare hamada mai faɗin kusan kilomita 2,000. Wato a ƙasarmu ake yin guzurin. In ta kasa ciyar da shi, rairayi ne kabarinsa.

A 1972 aka buga littafin Reginald Moreau kan ƙaurar tsuntsaye tsakanin nahiyoyin biyu, inda ya ƙiyasta cewa tsuntsu miliyan 5,000 ke shigowa Afirka kowace kaka. Wani lissafi na 2009 ya rage adadin ƙananan tsuntsaye masu ƙetarowa daga Turai zuwa kimanin miliyan 2,100. Ko wanne aka ɗauka, tambayar da ta dami Moreau tana nan: ta yaya wannan taro ke rayuwa a Sahel a daidai lokacin da ciyawa ta bushe, ruwa ya janye?

Tsuntsun da ya riga jarida kai labari

Amsar farko da baƙin ciki ta zo. A bazarar 1969 masu ƙidayar tsuntsaye a Ingila suka fita kamar yadda suka saba, suka tarar da shiru cikin shingayen gonaki. Wani ɗan tsuntsun ƙaya mai farin maƙogwaro, wanda Faransawa ke kira fauvette grisette, ya tafi da yawansa a kakar 1968, amma kimanin kashi uku cikin huɗu ba su dawo ba. Aka yi ta neman dalili a gida, ko magani ne, ko cuta, ko guguwa a hanya. Sai a 1974 masana uku, Winstanley da Spencer da Williamson, suka nuna cewa daminar 1968 ce ta gaza a Sahel, inda tsuntsun ke cin rani.

Mai karatu ya dubi waɗannan shekaru da kyau. Duniya ba ta waiwayi farin Sahel da gaske ba sai a 1973, bayan dabbobi sun ƙare, mutane sun cika sansanoni. Amma tun 1969 ɗan tsuntsu mai giram 15 ya kai labarin har ƙofar gidajen Turai, ta hanyar rashin zuwansa. Haka aka sake gani da farin 1984, wanda iyayenmu ke kira El-Buhari, ina ƙaramin yaro: tsattsewar da ke haƙa rami a gaɓar kogunan Turai ta ragu ƙwarai a bazarar da ta biyo. Binciken kundin zobba a Ingila ya nuna a 1991 cewa yawan wasu tsuntsayen fadama da ke rayuwa daga shekara zuwa shekara yana hawa yana sauka tare da ruwan saman Afirka ta Yamma. Daminar da ta cika rumbu a Badagishiri ita ce ke cika sheƙa a Holand. Rabonmu da nasu igiya ɗaya ta ɗaure su.

Mozage, Ɗan Dutsi da gawon gona

To, ina waɗannan baƙi ke sauka a wajenmu? Ruwan Maggiya da aka tare da barajin Mozage da na Zango, da ma'ajiyar Cerasa kusa da Ƙonni, an gina su ne a ƙarshen shekarun 1970 da farkon na 1980 don shayar da gandun noman rani na hekta fiye da 2,000. Ba don tsuntsaye aka yi su ba, amma tsuntsu ba ya tambayar wanda ya haƙa. Ƙidayar tsuntsayen ruwa da Wim Mullié da Joost Brouwer suka jagoranta tare da ma'aikatan gandun daji na Nijar a shekarun 1990 ta nuna darajar irin waɗannan ƙananan ruwaye, har Mozage da Cerasa suka shiga jerin wurare masu muhimmanci ga tsuntsaye na ƙungiyar BirdLife. Nijar ta shiga yarjejeniyar Ramsar ta kare fadamu a 1987, kuma a 2005 aka saka tafkin Ɗan Dutsi, yamma da Illela, da na Tabalak cikin jerin fadamun duniya. Sai dai takarda ba ta hana yashi. Laka da ruwa ke kwasowa daga tuddan da aka aske tana cike barajin shekara bayan shekara, kuma ruwan da ya ƙafe da wuri asara ce ga mai albasa da mai taru da makiyayi tun kafin ta zama asara ga agwagwa.

Ƙananan tsuntsayen kuwa ba ruwa suke nema ba, itace suke nema, kuma ba kowane itace ba. Masana ƴan Holand, Leo Zwarts da abokansa, waɗanda suka buga babban littafi kan tsuntsayen Sahel a 2009, sun bi dubban itatuwa ɗaya-ɗaya daga Senegal zuwa gabas suna ƙirga abin da ke cikin kowane. Suka tarar baƙin sun fi taruwa a itatuwa masu ƙaya, irin su gawo da aduwa da dakwara, inda ƙwari ke da yawa, suna kauce wa dogon yaro. Gawo kuwa, kowane manomi ya sani, da rani yake ganye, da damina ya kaɗe, gero kuma ya fi kyau a ƙarƙashinsa. Saboda haka manoman Maraɗi da Damagaram da Tawa da suka koma barin tohon itace a gonakinsu tun daga tsakiyar shekarun 1980, har aka ƙiyasta sun farfaɗo da hekta wajen miliyan 5, sun gina wa tsuntsayen Turai masauki ba tare da wani ya yi musu godiya ba.

Baƙin ma ba cima-zaune ba ne. Daga 2005 wata ƙungiya ta Groningen a Holand ta fara ɗaura wa wani shaho mai launin toka, busard cendré, ƴar na'ura mai magana da tauraron ɗan'adam. Da suka biyo sawunsa zuwa Nijar a 2006 da 2007, suka bincika abin da yake amayarwa a wuraren kwanansa, sai suka ga yawanci ƙafafu ne da kawunan fara. Ita ma shamuwarmu an warware sirrinta a wannan zamani: masu bincike ƴan Danmak, ƴan ƙasar Mortensen, sun ɗaura wa wasu na'ura a Nijar, suka buga sakamakon a 2006. Ashe gabas take yi sannan ta karkata kudu, ta ƙetare tsakiyar duniya har ƙasar Tanzaniya, tana bin damina da fara. Duk wanda ya ga ɓarnar farin ɗango a 2004 da yunwar da ta biyo a 2005 ya san darajar bakin da ke cin fara kyauta, ya kuma san abin da feshin magani barkatai zai iya yi wa wannan baki.

Zargi, da amsar da ake jira

Har yanzu inuwar Omdurman ba ta gushe ba. A 2013 aka tsare wata farar shamuwa a ofishin ƴan sanda a Kena ta ƙasar Masar, ana zargin na'urar da masana ƴan Hungari suka ɗaura mata ta leƙen asiri ce. Aka sake ta, ba a daɗe ba wasu suka kashe ta. A 2014 wata farar ungulu da aka ɗaura wa na'ura a ƙasar Girka, aka raɗa mata suna Paschalis, ta daina motsi a kudancin Nijar. Da aka bi sawu sai aka tarar maharbin ungulaye ne ya kashe ta don kasuwar magunguna. A halin rashin tsaron da kan iyakarmu ke ciki, ba abin dariya ba ne mutum ya tsorata da tsuntsu mai eriya a baya. Amma maganin tsoron sani ne, kuma laifin rashin sanin ba na ƙauye kaɗai ba ne: waɗanda suka shekara ɗari suna aiko da zobba ba su cika damuwa da fassara manufarsu cikin Hausa ko Zabarmanci ko Fulatanci ba.

Akwai darasi daga Amurka. Can akwai wani ɗan mitsitsin tsuntsu mai shan ruwan fure, colibri, wanda nauyinsa bai wuce giram 3 zuwa 4 ba. Littattafai sun daɗe suna cewa wani irinsa mai jan gashi a Meksiko kawai yake yin hunturu, wanda aka gani a kudu maso gabashin Amurka kuwa ɓatan kai ya yi, mutuwa ce ke jiransa. Amma mutanen gari masu rataye kwalbar ruwan sukari a bayan gida suka riƙa kiran masu saka zobe, irin su Nancy Newfield a Luwiziyana tun 1979, duk lokacin da baƙon ya sauka. Zobba suka nuna cewa tsuntsu ɗaya na komawa gida ɗaya shekara da shekaru. Wata da aka saka wa zobe a Tallahassee ta Florida a Janairun 2010 an sake kama ta a Alaska a watan Yuni na shekarar, tazarar kilomita fiye da 5,600. Masu gida ne suka gyara littafin masana, don kuwa sun san wanda za su kira, kuma an dawo musu da amsa.

Abin da ake bukata a wajenmu bai fi ƙarfinmu ba. Wanda ya tsinci zobe ya rubuta duk abin da ke jikinsa, haruffa da lambobi, da ranar, da sunan gari mafi kusa, da yadda aka sami tsuntsun. In yana da rai, a karanta a sake shi da zobensa. Hoto ɗaya na salula ya isa, a kai wa ma'aikacin gandun daji ko malamin lakwal, shi kuma ya shigar a shafin intanet na EURING, inda ake mayar wa mai aikowa da tarihin tsuntsun. Mu malamai kuwa muna da abin da ya fi wannan sauƙi: kowace makaranta ta ware littafi ɗaya ta riƙa rubuta ranar da shamuwa ta fara sauka a garin, da yawan sheƙunanta, da ranar ruwan shuka, da sunayen tsuntsaye kamar yadda tsofaffi ke faɗinsu kafin su tafi da su. Mortensen da almakashi da kundi ya fara, a bayan awoyin aji.

Zoben na mayar wa ɗalibata a ranar, na ce ta gaya wa kakarta cewa ba asiri ba ne, sunan wani gida ne a Paris da lambar wata agwagwa. Kashegari ta dawo da saƙo. Tsohuwar ta ce ta ji, amma tana tambaya: su mutanen gidan, an gaya musu agwagwarsu ta iso? Ban sami abin da zan ce mata ba. Allah Ya sa zoben da za a tsinta nan gaba a Mozage ko Ɗan Dutsi ya faɗa hannun yaron da ya san wasiƙa ce, ya kuma san inda ake kai amsa.